Fitilu su kama yau, gobe su ƙi: a ina Zigbee ɗin gidana yake yankewa?

Malam Habu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina da Home Assistant, manhajar sarrafa na'urorin gida, a kan wata ƙaramar kwamfuta, da sandar USB a jikinta ta Zigbee, wato tsarin rediyon da na'urorin ke magana da shi, kuma Zigbee2MQTT, manhajar da ke haɗa sandar da Home Assistant, nake aiki da shi. Na'urorin sun haura talatin: ƙwayayen fitila ne suka fi yawa, sai soket uku masu auna wuta, sauran duk masu batir ne, na jin motsi da na ƙofa da na auna zafi.

Abin da ya dame ni shi ne matsalar ba ta da tsayayyen hali. Wani lokaci kana sa ƙafa a ɗaki fitila ta kama. Wani lokaci sai ka gama abin da ya kawo ka, kana fita, sannan ta kama. Na'urar ƙofar baya kuwa ɓacewa take yi ɗungurungum, ba ta dawowa sai na cire batir na mayar. Na sa sababbin batura, na kashe komai na kunna, babu wani canji. Mutanen gida har sun fara cewa a dawo musu da fitilunsu na da. Daga ina zan fara?

Sani Waya:
Wa alaikumus salam Yaya Habu. Gaskiya ɗaya ce, ka rabu da Zigbee ka koma na Wi-Fi. Nawa duk na Wi-Fi ne, ba sanda, ba kodineta, ba ciwon kai.

Injiniya Rabi:
Sani, mutum ya ce yana da na'ura sama da talatin, kai kana cewa ya zubar. A bari a duba tukuna.

Malam Habu, kafin kowa ya ba ka magani, ka faɗa mana: sandar nan a jikin kwamfutar take kai tsaye ko a kan waya? Me ke cikin ramin da ke kusa da ita? Rautar Wi-Fi ɗinka tana nesa ko kusa? Wace tasha Zigbee ɗin yake kai? Sannan wadda ta fi muhimmanci a wurina: ƙwayayen fitilar nan, akwai mai kashe su daga makunnin bango?

Malam Habu:
Injiniya, sandar a jikin kwamfutar take, ta baya. Ramin da ke gefenta, mai shuɗin ciki, na sa masa SSD, wato ma'ajiyar bayanai. Kwamfutar da rautar a kanta ɗaya suke, tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba. Tasha 11 na gani, ban taɓa ta ba tun da na haɗa. Makunnin bango kuwa, ai da dare kowa da shi yake kashe fitilarsa, musamman ta baranda da ta zauren ciki.

Injiniya Rabi:
To ai ka riga ka lissafo mana masu laifi uku da bakinka.

Mu fara da mafi sauƙi. Ramin nan mai shuɗi USB 3.0 ne, kuma shi da wayarsa da na'urar da ke jikinsa suna fitar da hayaniyar rediyo da ke faɗawa daidai yankin 2.4 GHz, inda Zigbee yake aiki. Ba zancen baka ba ne, Intel sun fitar da takarda a kai tun 2012. Sandarka tana ƙoƙarin jin wata 'yar na'ura mai batir daga ƙarshen gida, alhali an ajiye mata injin niƙa a gefen kunne. Ka samo wayar ƙarin tsawo ta USB, mita ɗaya ko biyu, ka sa ta a ramin USB 2.0, wato wanda ba shuɗi ba, ka ɗaga sandar sama, nesa da SSD ɗin, nesa da rautar, kada ta jingina da ƙarfe ko bayan talabijin.

Wannan kaɗai za ka yi yanzu. Kada ka taɓa tasha, kada ka sake haɗa ko na'ura ɗaya. Idan ka canza abu uku a dare ɗaya kuma abin ya gyaru, ba za ka san wanne ne ya gyara ba, ranar da ya dawo kuma za ka koma farko.

Baba Lawal:
Rabi 'yata, maganarki ta waya daidai ce, amma ni a ganina ba nan babban ciwon yake ba. Ku duba abin da ya ce: na'urar ƙofa tana ɓacewa ba ta dawowa sai an cire batir. Hayaniya takan sa saƙo ya makara ko ya faɗi jefi-jefi. Ɓacewa ɗungurungum kuwa alamar maraici ce.

Bari in yi wa Habu bayani. A Zigbee na'urori iri uku ne. Akwai kodineta, ita ce sandarka. Akwai masu miƙa saƙo, galibi duk abin da ke jone da wutar gida kullum, irin su soket da ƙwan fitila. Sai masu batir, waɗanda barci suke yi mafi yawan lokaci, su farka su yi magana su koma. Mai batir ba ta magana da kowa sai uwa ɗaya da ta zaɓa, ita ke riƙe mata saƙo tana barci, ita ke miƙa nata gaba. To idan uwar nan ƙwan fitilar baranda ce, aka zo da dare aka kashe ta daga bango, 'yar ta farka ta kira ba amsa. A ƙa'ida sai ta nemi wata uwar. Wasu suna yi da sauri, wasu kuma, musamman wasu tsofaffin samfura masu araha, sai su nace wa ta farko har su fita daga tsarin. Kuma ba ita kaɗai ba, duk hanyar da ta bi ta kan ƙwan nan ta yanke, sai sauran na'urori sun sake neman hanya, shi ya sa kake ganin jinkiri.

Injiniya Rabi:
Baba, ban musa ba, ina ma zaton kai ne da gaskiya game da ƙofar. Na sa waya a gaba ne saboda aikin minti biyu ne kuma ba ya ɓata komai. Sannan idan kodineta ba ta ji sosai, duk wani awo da za mu yi bayan nan gurɓatacce ne.

Baba Lawal:
Na yarda da wannan jerin.

Sani Waya:
Kun ji ko? Uwa, 'ya, maraici. Ni ƙwan fitilata da rauta take magana kai tsaye, a kashe ta a kunna ta, ba ruwan kowa.

Baba Lawal:
Sani ɗana, ƙwan fitila da soket kam suna tafiya lafiya a Wi-Fi, ban ce a'a ba. Amma na'urar ƙofa fa? Ta Zigbee tana iya yin shekara ko fiye a kan batir ɗan mitsitsi irin CR2032, domin farkawa take yi ta jefa 'yan kalmomi ta koma barci. Ta Wi-Fi sai ta farka, ta nemi rauta, ta gaisa da ita, ta tabbatar da adireshinta, sannan ta faɗi cewa an buɗe ƙofa. Wannan yana cin batir kuma yana cin lokaci. Kuma mafi yawan waɗannan ƙananan na'urorin Wi-Fi a 2.4 GHz ɗin suke, wato cunkoson da muke magana a kai su ma suna cikinsa. Ka ƙara talatin a kan ƙaramar rautar da kamfanin intanet ya ba ka, ka ga yadda za ta yi.

Matsalar nan ta girmi Zigbee da Wi-Fi duka. Na fara da X10, wanda aka ƙirƙiro a 1975, shi ta cikin wayar wutar gida yake aika saƙo, ɗan bugu na 120 kHz a daidai lokacin da igiyar wutar ke ratsa sifiri. Sai ka sayo sabuwar caja ko talabijin ka jona, fitilar wani ɗaki can ta daina jin magana, domin sabon abin ya tsotse siginar ko ya cika layin da hayaniya. Idan gidan layin wuta biyu ne, na wannan layi ba ya jin na wancan sai ka sa na'urar da za ta haɗa su. Yadda muke ganowa a lokacin shi ne a riƙa cire kaya ɗaya-ɗaya daga soket har fitila ta amsa.

Maryam T.:
Ku yi haƙuri in tsoma baki. Malam Habu, idan abin ya faru, na'urori duka ne suke nuna babu su a lokaci guda, ko ɗaya-ɗaya? Na tambaya ne don nawa ya taɓa yin irin haka, ashe ba rediyo ba ne sam. Manhajoji biyu ne suke shiga sabar MQTT, wadda manhajoji ke aika wa juna saƙo ta cikinta, da sunan shaida iri ɗaya. A ƙa'idar MQTT, idan sabo ya shigo da sunan da wani ke riƙe da shi, sai a kori na farko. Wannan ya shiga a kori wancan, wancan ya dawo a kori wannan, haka suke ta yi. A log ɗin Mosquitto, wato rubutaccen tarihin abin da ke faruwa a manhajar sabar, ake ganin abin ƙarara.

Injiniya Rabi:
Tambayar Maryam ta fi duk nawa. Idan duka suka ɓace tare, a duba sanda, ramin USB, wutar da kwamfutar ke samu, da MQTT. Caja mai rauni ma kaɗai tana iya sa sandar ta riƙa yankewa tana dawowa. Idan ɗaya-ɗaya ne, kuma kusan kullum su ɗin ne dai, to a iska ne ko a hanyar saƙo.

Malam Habu:
Hajiya Maryam, ɗaya-ɗaya ne. Na duba log ɗin Mosquitto, ba kowa da ake kora.

Ga rahoto. Na sa wayar ƙarin tsawo, sandar tana rataye a sama yanzu. Bambancin a fili yake: fitilun falo da na ɗakunan kusa sun daina jinkiri, lambar LQI, mai nuna ingancin sigina, ta soket ɗin da ke kusa ta tashi sosai. Amma na'urar ƙofar baya ta sake ɓacewa da dare. Na buɗe taswirar Zigbee2MQTT da rana bayan na dawo da ita, sai ga ta a manne da ƙwan fitilar baranda, yadda Baba Lawal ya faɗa.

Baba Lawal:
Madalla. To ka ga uwar.

Auwal (mai kula da zaure):
Gargaɗi kaɗan game da taswirar nan, don na ga mutane suna rantsuwa da ita. LQI lamba ce daga 0 zuwa 255, amma kowane kamfanin da ke ƙera ƙwaƙwalwar rediyon da yadda yake lissafa ta, saboda haka 90 a wata sanda ba 90 ba ce a wata. Kwatanta na'ura da kanta, jiya da yau, shi ne mai amfani. Kuma lambar da kake gani a jerin na'urori galibi ta zangon ƙarshe ce, wato daga wanda ya miƙo saƙon zuwa kodineta, ba ta dukan tafiyar ba. Na'ura tana iya nuna lamba mai kyau alhali tsakaninta da uwarta da ƙyar ake ji. Sannan zana taswirar kansa tambayoyi ne ake watsa wa duk masu miƙa saƙo, yana cika layi na ɗan lokaci. A duba idan akwai dalili, kada a mai da shi abin danna wa kowane lokaci.

Injiniya Rabi:
Yanzu aikin ƙofa. Ka ɗauko ɗaya daga cikin soket ɗinka ka jona shi a wurin da ba a kashewa, tsakanin ƙofar baya da tsakiyar gida. Ka bar shi ya zauna ya san maƙwabtansa. Sai ka kashe ƙwan barandar daga bango da gangan, ka sake haɗa na'urar ƙofar tana nan a wurinta, kada ka kawo ta kusa da kwamfuta. Mutane da yawa a gaban kwamfuta suke haɗa na'ura, ta zaɓi kodineta a matsayin uwa, sannan su kai ta ƙarshen gida su yi mamakin shirunta. A Zigbee2MQTT kana iya buɗe ƙofar shiga ta kan na'ura ɗaya tak, to ka zaɓi soket ɗin.

Ƙofar ta ƙarfe ce? Idan ta ƙarfe ce, ka sa wani abu mai ɗan kauri, roba ko katako, tsakanin na'urar da ƙarfen. Firji, babban madubi, tankin ruwa, bangon kankare mai rodi, duk suna cin sigina fiye da yadda ake zato.

Malam Habu:
Ta ƙarfe ce kuwa, kuma firji yana daidai tsakaninta da zaure. Zan yi haka. Amma fitilun fa? Ba zan iya tsare kowa a bakin makunni ba.

Baba Lawal:
Ba za ka iya ba, kuma bai kamata ka gwada ba. Hannun mutum ya saba da bango. Hanya biyu na sani masu ɗorewa. Ko dai ka rufe tsohon makunnin ka manna maɓalli mai batir a kansa, ka ɗaure shi kai tsaye da ƙwan fitilar, yadda ko kwamfutar ta mutu maɓallin zai kunna ya kashe. Ko kuma ka cire ƙwan mai wayo ka sa na gama-gari, wayon ya koma cikin makunnin bangon. Ni ta biyun na fi so a baranda da zaure. Sai dai ka lura, makunnan da ba sa buƙatar wayar nutural da yawansu ba sa miƙa saƙo, don haka kada ka ƙirga su cikin masu ƙarfafa raga, wato hanyoyin da na'urori ke miƙa wa juna saƙo, sai ka tabbatar. Kuma aikin cikin bango na mai gyaran wuta ne, a kashe layin daga babban akwati kafin a taɓa.

Auwal (mai kula da zaure):
Akwai abin da ba a taɓo ba: soket ukun nan masu auna wuta. Malam Habu, ka buɗe log ka kalle shi na minti ɗaya. Wasu irinsu suna aiko rahoto duk sanda wutar ta motsa ko da kaɗan, wat, bolt, amfiya, kowanne da saƙonsa. Zigbee gaba ɗayansa 250 kbit/s ne a takarda, kuma kowa da kowa ke raba shi. Soket ɗaya mai surutu a jikin kwamfuta ko talabijin ya isa ya sa saƙon na'urar jin motsi ya tsaya jira. A shafin rahoto na na'urar za ka iya ƙara tazarar lokaci da kuma girman canjin da zai sa ta yi magana, idan samfurin yana karɓar umarni. Haka ma umarnin rukuni, irin na kashe fitilu goma a tare: watsa shi ake yi, kowane mai miƙa saƙo ya maimaita, kuma tsarin yana da iyakar adadin da zai ɗauka a ɗan lokaci. Ɗaya lafiya lau ne. A jera su da yawa a daƙiƙa guda, sai wasu su faɗi.

Malam Habu:
Auwal, ka gano wani. Soket ɗin da ke jikin talabijin shi kaɗai ya cika shafin. Na rage masa baki. Saura batun tasha, Injiniya, in canza ko in bari?

Injiniya Rabi:
Ga lissafin, sai ka yanke. Zigbee yana da tashoshi 11 zuwa 26, tazarar 5 MHz tsakaninsu. Tasha 11 tana kan 2405 MHz, 15 tana 2425, 20 tana 2450, 25 tana 2475. Wi-Fi kuma tasha 1 tana tsakiya a 2412, 6 a 2437, 11 a 2462, kowace da faɗin kamar 20 MHz. Ka lura lambobin ba ɗaya ba ne: 11 ta Zigbee ba ruwanta da 11 ta Wi-Fi, a ƙarƙashin tasha 1 ta Wi-Fi take zaune. Mutane da dama sun gudu daga Wi-Fi 11 sun koma 1 da niyyar ba Zigbee wuri, ashe kansa suka hau.

Shawarata, ka motsa Wi-Fi ɗin maimakon Zigbee. Ka cire rautar daga zaɓin kai-da-kai, ka tsayar da ita a 6 ko 11, faɗi 20 MHz, ba 40 ba. Wayoyi da kwamfutoci su koma 5 GHz idan suna iyawa. Wannan ba ya buƙatar sake haɗa komai. Zaɓin kai-da-kai ɗin nan ma yana iya zama dalilin da ya sa abin yake yi yau ya ƙi gobe, don rautar tana iya sauya tasha duk sanda aka kunna ta.

Baba Lawal:
Idan maƙwabci ne ke kan tasha 1 fa? Ba za ki shiga rautarsa ba.

Injiniya Rabi:
Shi ya sa zai fara dubawa da manhajar waya mai nuna tashoshin Wi-Fi na kewaye, a ɗakunan da matsalar take, da yamma lokacin da kowa ke gida. Idan tasha 1 a cike take da ƙarfi, sai a ɗauke Zigbee zuwa 15, 20 ko 25, su ne waɗanda kusan kowace na'ura ta sani. Ni 25 na fi so idan Wi-Fi 11 ba ta da ƙarfi a wurin. A guji 26, wasu na'urori ba sa zuwa can, wasu kuma rage ƙarfi suke yi. Kuma ya shirya wa cewa wasu masu batir ba za su bi ba sai an sake haɗa su hannu da hannu. Tasha 20 kuma tana daidai 2450, inda na'urar ɗumama abinci take aiki, idan akwai ta kusa da hanya.

Sani Waya:
To Matter fa? Ba an ce shi zai kawo ƙarshen duk wannan ba?

Auwal (mai kula da zaure):
Matter, wanda ya fito a 2022, yare ne da na'urori ke magana da shi, ba sabon rediyo ba. Yana tafiya ne a kan Wi-Fi, ko wayar Ethernet, ko Thread. Shi kuma Thread rediyonsa ɗaya da na Zigbee, IEEE 802.15.4 a 2.4 GHz, da masu miƙa saƙo da masu barci. Ka sa sandarsa a gefen SSD, ka kashe masu miƙa saƙonsa daga bango, za ka ga abin da Malam Habu ya gani.

Baba Lawal:
Wanda ya kauce wa cunkoson shi ne Z-Wave, wani tsarin rediyo daban na na'urorin gida, don yana ƙasa da 1 GHz: 868.42 MHz a Turai, 908.42 a Amurka. Ya fi ratsa bango, makullan ƙofofina a kansa suke. Amma shi ma raga ce, na'ura 232 ce iyakarsa a tsarin da aka saba, kuma saƙo ba ya wuce masu miƙawa huɗu. Wanda aka yi wa Amurka ba zai ji sandar Turai ba har abada, sai a kula wajen saye. Ban ce Habu ya canza ba, nasa ya kusa miƙewa.

Malam Habu:
Rahoto na biyu. Wi-Fi ɗina a tasha 1 na same shi, na mai da shi 11, faɗi 20. Na maƙwabta suna nan a 1 amma da rauni, don haka na bar Zigbee inda yake. Na'urar ƙofa tana manne da soket yanzu, an kashe ƙwan baranda da dare kamar kullum, ba ta ɓace ba. Mai gyaran wuta zai zo don makunnan baranda da zaure.

Saura guda: na'urar auna zafi da ke waje takan yi shiru wajen asuba, ta dawo da hantsi. Batirinta yana nuna 80 cikin ɗari.

Injiniya Rabi:
Kada ka yarda da 80 ɗin nan. Batirin kwabo yana iya nuna kusan bolt 3 yana zaune, amma da rediyo ya ja wuta sai ya faɗi, kuma sanyi yana ƙara masa wannan raunin, asuba kuwa ita ce mafi sanyi. Ka sa sabo mai kyau, ka goge fuskarsa da ƙarafan da ke riƙe shi, don wasu batura ana shafa musu abu mai ɗaci saboda yara, yakan hana su haɗuwa sosai. Idan ta ci gaba da sabon batir, ka shigo da ita cikin gida kusa da uwarta ta kwana, ka faɗa mana ko ta yi shirun a nan ma.

Maryam T.:
Injiniya, wayar ƙarin tsawon nan, tawa ta USB 3.0 ce, mai shuɗin baki. Za ta yi ko in nemi wata?

Injiniya Rabi:
Za ta yi, Maryam, muddin a ramin USB 2.0 kika sa ta. Sandar ba ta amfani da saurin 3.0 ko kaɗan. Ki dai tabbatar ba ta kwanta a kan wayar SSD ɗin ba.